Jitar Maigida da Jar Akuyata

Wannan mako labarin wani aiki na kawo muku da na yi a tsakar gidana a nan Sakkwato, wanda na fara ɓatawa saboda gaggawa, har ya ci mini akuya. Na san da yawa daga cikinku ba su taɓa riƙe jita ba. Ni ma kafin wannan aiki, ban da share mata ƙura, ba abin da ya taɓa haɗa ni da ita. Amma duk wadda ta karanta a tsanake za ta iya yi wa akwatinta, ko kan gadonta, ko teburin keken ɗinkinta irin wannan gyara, domin hanyar ɗaya ce.

Maigidana direba ne. Shekara da shekaru yana bin hanyar Illela, ya ƙetara Birnin Ƙonni, ya wuce Tawa, wani lokaci har Abalak da Agadas. A can ya saba da Buzaye, ya kuma kamu da son kiɗansu na jita. Cikin 2009 ya dawo daga wata tafiya da wani abu naɗe cikin bargo, ya ce wani abokinsa ne ya ba shi maimakon kuɗin mota da ya ke binsa. Da ya kwance sai na ga jita ce baƙa, irin mai aiki da lantarki, mai tsirkiya 6. Jikinta ba shi da rami kamar na garaya ko molo, katako ne dunƙule mai nauyi, in kuwa ba a haɗa ta da lasifika ba muryarta ba ta wuce ƙofar ɗaki. Wannan ya yi mana daidai, domin Inna, mahaifiyarsa, tana tare da mu, ita kuwa tun ranar farko ta faɗi nata. Ta ce, "Mu dai ba mu gaji roƙo ba. Wanga abu kada in ji shi zaure." Saboda haka shekara 14 jitar nan ba ta san zaure ba. Bayan sallar lisha, in ya dawo da gajiya, sai ya ja ƙofa ya yi ta taɓa ta a hankali, ni kuwa ina ninke kaya ina saurare.

Kada ku ɗauka wannan kiɗa baƙo ne a garinmu. Wani saurayi Buzu daga jihar Tawa, wanda duniya ta sani da suna Mdou Moctar, a nan Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko, masu suna Anar, cikin 2008, suka yi ta yawo daga wayar wannan zuwa wayar wancan har suka ƙetare hamada. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Maigida ya kan ba yara wannan labari in Inna ba ta kusa.

To, ana nan sai shekarar 2023 ta zo da nata. A ƙarshen Mayu aka janye tallafin fetur, mai ya yi tsada. Ran 26 ga Yuli sojoji suka yi juyin mulki a Yamai, cikin 'yan kwanaki aka rufe iyaka, manyan motoci suka yi layi a Illela ba gaba ba baya. Maigida ya dawo gida ya zauna. Ku da ku ke da mazaje masu fita nema kun san yadda namiji ya ke in zama ya kama shi: magana kaɗan, ci kaɗan, faɗa kuwa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ga watan Satumba yana matsowa, ɗiyata ta fari, wadda kunya ba ta bari in rubuta sunanta, za ta shiga ajin ƙarshe na sakandare, ana neman kuɗin makaranta da na littattafai da na jarrabawar fita.

Wata rana da la'asar sai na ga ya ɗauki jitar ya fita da ita zaure, karo na farko ke nan. Ashe ya kira wani yaro ne mai ɗakin ɗaukar waƙoƙi ya zo ya taya. Ina daga bayan ƙofa ina jin su. Yaron ya juya ta gaba da baya, ya nuna gefen da fenti ya ɓalle, ya nuna bayanta inda ta kakkarce, ya nuna inda hannun maigida ya cinye baƙin har katako ya fito. Ya ce, "Baba, muryarta lafiya lau, amma jikin ya tsufa. Da tana da fenti da na ƙara." Kuɗin da ya taya ko rabin abin da mu ke nema bai kai ba.

Da dare na ce, "Malam, ka ba ni ita in shafa mata fenti."

Ya dube ni ya ce, "Ke kin taɓa yin fenti?"

Na ce, "Wa ya yi wa ƙofar nan da taga bara da salla?"

Ya yi shiru. Can ya ce, "Yi yadda kika gani."

Ga abin da na yi, ina faɗa muku ne don kada wata ta maimaita. Akwai ragowar shuɗin fentin mai da na yi wa ƙofa. Ban kwance komai daga jikin jitar ba, ban goge ta da samfefa ba, ko wanke maiƙon hannu da ke jikinta ban yi ba. Na naɗe tsirkiyoyi da leda, na ɗauki buroshi na lafta mata. Bayan kwana biyu na taɓa na ji saman ya bushe, amma ga sawun buroshi layi-layi, ba ta kuwa ƙyalli. Sai na aiki yaro kasuwa ya sayo mini gwangwanin man ƙyalli na fesawa, wanda masu fentin mota ke kira laka, ko da ya ke ba ruwansa da lakar bakin gulbi. Ƙarshen Agusta ne, an yi ruwa da rana, da yamma gari ya yi lumshi. Na jingina ta da bango na fesa mata da yawa, a tunanina yawan mai shi ne yawan ƙyalli.

Kai, 'yan'uwa! Ban gama rufe gwangwanin ba na ga shuɗin ya fara motsi. Ya tattare, ya yamutse kamar yanar da ke kan kunun da ya huce. Inda bai yamutse ba kuma ya yi fari fat kamar hazo ya sauka a kai. Kafin magariba ƙwarin damina sun zo sun manne a jiki, kowanne da kabarinsa. Maigida ya shigo ya tsaya a kanta, ya daɗe yana kallo, ya juya ya fita bai ce uffan ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Inna ce kaɗai ta yi magana, ta ce, "To, Allah ya raba mu da shi ba faɗa."

Yanzu ba wanda zai saya ko da kuɗin da aka taya da farko, makaranta kuwa saura mako guda. Ina da wata jar akuya da na raina tun tana 'yar ƙarama, daga kuɗin adashina na saye ta, ta haifa mini sau biyu. Na kira ƙanena na ce ya kai ta Kara. Ban fito na ga fitarta ba. Kuɗinta da ɗan abin da na tara suka biya makaranta, yarinya ta koma aji.

Da wata ce da ta tura jitar ƙarƙashin gado ta manta. Ni kuwa duk sa'ad da na shiga ɗaki na gan ta sai in ji kamar tana yi mini gwalo. Na nemi izini, ƙanena ya raka ni wurin wani tsohon mai fentin mota da ya sani. Tsohon ya ɗaga ta ya yi dariya har da tari, sa'an nan ya ce, "Ɗiyata, zauna in gaya miki. Ba ke kika fara ba." Matambayi ba ya ɓata. Abin da ya koya mini, da abin da ɗiyata ta karanto mini a wayarta daga baya, shi ne zan taƙaita muku.

Fentin mai da laka ba hanyar bushewarsu ɗaya ba. Fentin mai iska ce ke ƙarfafa shi sannu a hankali, daga sama zuwa ƙasa, saboda haka bayan kwana biyu saman ne kaɗai ya yi fata, cikin yana nan da taushi. Ita kuwa laka narkakkiya ce cikin wani ruwa mai ƙarfi da a ke kira tina. In an fesa ta, tina ta tashi ta bi iska, laka ta zauna. In aka sake fesa wata a kai, sabuwar ta kan ɗan narkar da tsohuwar su haɗe su zama ɗaya, wannan ne ma ya sa ta ke kyau. Amma in tinar nan ta sauka a kan ɗanyen fentin mai, sai ta kumbura shi ya tattare. Abin da ya same ni ke nan. Farin da ya fito kuwa laifin damina ne. Kun san yadda randa ke sanyaya ruwa domin jikinta yana tsattsafowa yana bushewa. Haka tina ke sanyaya fuskar katako sa'ad da ta ke tashi, in kuwa akwai laima cikin iska sai raɓa ta sauka ta maƙale cikin lakar. Watau ni na haɗa kuskure biyu a yamma ɗaya.

Ɗiyata ta ƙara mini da wani labari da ya ba ni mamaki. Ashe ba a banza na ƙare wurin mai fentin mota ba. Wani Ba'amurke mai suna Leo Fender shi ya fito da irin wannan samfuri na jita a California cikin 1954, ya sa mata suna Stratocaster. Launukan da kamfaninsa ya riƙa yi wa masu son na musamman, ja da shuɗi da sauransu, fentin motoci ne na kamfanin DuPont. Ɗaya daga ciki, mai suna Duco, tun cikin shekarun 1920 aka fito da shi don motoci, ana kuwa yin irinsa daga auduga da aka jiƙa cikin ruwan asid, shi ya sa ya ke kama wuta kamar fetur. Wajen ƙarshen shekarun 1960 kamfanin ya koma wani fenti mai kauri mai kama da roba, wanda tina ba ta narkarwa. Irin wannan ne baƙin da ke jikin tamu, don haka ɓarnata ba ta kai ga katako ba.

Akwai kuma abin da ya kamata ku sani tun kafin ku ɗauki samfefa. In tsohuwar jita ce ta ainihin kamfanin, masu tara irinsu sun fi son ta da tsohon fentinta, komai karcewarsa, sabon fenti kuwa rage mata daraja ya ke yi ƙwarai. Da na ji haka gabana ya faɗi. Muka duba bayan wuyanta, muka ga 'yan ƙananan haruffa sun nuna a ƙasar Sin aka yi ta, kwaikwayo ce. Ban taɓa murnar samun kayan kwaikwayo ba sai ran nan. Haka nan in kuna da tsohon akwati ko gado na gado, ku tambayi wanda ya sani tukuna.

Tsohon ya ce in jira damina ta ɗauke, in kuma gama fesawa kafin hazon hunturu ya sauko da ƙura. Zafin bazara ma ba ya yi, domin a garin nan ya kan wuce digiri 40, fenti ya bushe cikin iska tun bai sauka ba, ya zauna da kaushi kamar ɓawon lemo. Watau a Sakkwato 'yan makonni ne kawai masu kyau, daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Ya kuma ce fentin shimfiɗa da na launi da laka duk su zama iri ɗaya, na kamfani ɗaya, in kuma fara gwadawa a kan wani guntun katako. Ya ara mini takunkumin da ya ke aiki da shi, mai 'yan gwangwanaye biyu a gefe, ya ce gyale ko mayafi ƙura kaɗai su ke tarewa, warin tina wucewa ya ke yi ya shiga ƙirji.

Da Oktoba ta raba muka fara, ni da ɗiyata, ranar Asabar. Wannan karo sai da muka kwance komai. Muka cire tsirkiyoyi. Wuyan jitar ƙusoshin murɗawa 4 ne ke riƙe da shi ta baya, muka kwance su da sukundireba ya fita sumul. Muka ɗaga farar robar da ke fuskarta, ga wasu sanduna 3 masu mayen ƙarfe manne a jikinta, an naɗe su da siririyar wayar jan ƙarfe, su ne ke ɗaukar motsin tsirkiya su mai da shi lantarki. Kafin mu taɓa ko waya ɗaya, yarinyar ta ɗauki hoto da wayarta, ta kuma zana komai a bayan littafinta na lissafi. Kowane rukunin ƙusoshi ta zuba shi cikin gwangwanin madara dabam ta rubuta sunansa. Na ce wannan ɓata lokaci ne. Ta ce, "Mama, ki bari dai." Ku 'yan makaranta, ku lura da wannan wuri, za mu dawo kansa.

Shuɗin da na lafta da tina da tsumma muka wanke shi, muna kankarewa da guntun roba don kada ƙarfe ya ji wa katako. Sa'an nan aka shiga guga da samfefa. Kowace samfefa da lambarta a baya, yawan lamba shi ne laushi. Muka fara da mai lamba 220, muka koma 320. Ba sai an cire baƙin duka ba, abin nema shi ne a kashe masa ƙyalli ko'ina don sabon fenti ya sami abin kamawa.

Kwana biyu ina guga, maigida yana zaune a kan tabarma yana jin rediyo kamar bai san ana yi ba. A rana ta uku sai na ji an zare samfefar daga hannuna. Ya ce, "Ba haka a ke yi ba. In kika bi da yatsa za ki yi mata kwari." Ya naɗa ta a jikin wani guntun katako mai faɗi, ya durƙusa ya kama aiki. Rabon da in ga hannunsa yana wani aiki tun ranar da aka rufe iyaka.

Yana cikin guga sai wurin nan ya sake bayyana, inda hannunsa na dama ya cinye fenti cikin shekara 14, katakon ya yi duhu da gumi. Ya tsaya ya shafa wurin da babban yatsa. Yarinyar ta ce, "Baba, ko a bar nan yadda ya ke?" Ya ce, "Rufe shi. Mai saye ba gumina ya ke so ba." Ni ban sa baki ba, na tashi na duba tukunya.

Inda ya ɓaɓɓalle muka cike da fotin masu mota, ya bushe, muka goge har sai da yatsa ya bi bai ji gaɓa ba. Ku rufe ido ku shafa, yatsa ya fi ido gani a wannan aiki, duk abin da yatsa ya ji kuwa fenti zai tona shi, ba zai rufa masa asiri ba. Muka liƙe ramin da wuya ke zama da tef na takarda, domin in fenti ya yi kauri a nan wuya ba zai koma daidai ba. Maigida ya ɗaura wata sanda a ramin da ƙusoshi biyu, ta zama mariƙi, ya huda ƙarshenta don rataya.

Wurin fesawa can ƙarshen gida muka zaɓa, nesa da murhu da tukunyar gas. Ranar fesawa ba a hura wuta sai an gama, yara su tafi makarantar allo, kaji a rufe su. Mai juna biyu kada ta matso kusa ko kaɗan. Tina da gwangwanaye kuwa cikin akwati mai kwaɗo na ke kulle su, kun dai san halin da wasu samarinmu su ke ciki da shaƙe-shaƙe, kada a ce daga gidanki aka samu. Mu kan yayyafa ruwa a ƙasa kamar za a yi shara don ƙura ta kwanta, mu jira hantsi, raɓa ta tashi, rana kuwa ba ta yi zafi ba tukuna.

Ga yadda a ke fesawa. A girgiza gwangwani minti 2 cur. A riƙe shi nesa da katako kamar taƙi guda, watau inci 8 zuwa 10. A danna tun kafin a iso jikin katakon, a wuce da hannu a miƙe, kada a saki sai an fita ɗaya gefen. Layi na biyu ya hau rabin na farko. Shafin farko ya zama siriri har kina hango abin da ke ƙasa, zuciyarki za ta ce ƙara, kada ki saurare ta. A dakata kamar minti 20 a sake. Sau 3 a rana ya isa. In wani wuri ya yi yawa ya zubo kamar hawaye, kada ki taɓa shi da tsumma, ki bar shi ya kwana, gobe ki goge da samfefa. Ni sau biyu na yi wannan hawaye, sau biyu kuwa hannuna ya yi ƙaiƙayin gogewa, ɗiyata ta riƙe ni.

Fentin shimfiɗa toka-toka ne, gwangwani ɗaya ya ishe mu, muka goge shi da 400 bayan ya kwana. Da aka zo zaɓen launi maigida ya ce a mayar da ita baƙa. Na ce a'a, ni na yi asara, ni zan zaɓa. Na zaɓi ja mai duhu, irin na jar fatar Sakkwato da dukawanmu ke rinawa da karan dafi, wadda tun zamanin ayari a ke kai ta arewa har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce. Fatar kuwa ta jar akuya ce. Ya gane abin da na ke nufi, ya yi murmushi, na farko cikin wata uku. Jan ya ci gwangwani 2 cikin kwana biyu. Laka ta ci 3 cikin kwana huɗu, domin ita za a goge daga baya, tilas ta yi kaurin da samfefa ba za ta huda ta ta kai ga jan ba.

Daga nan sai aiki mafi wuya, watau zama ba a yi komai ba. Tsohon ya ce mako 4. Laka ta kan bushe a taɓa cikin awa guda, amma tinar da ke can ciki sannu ta ke fita, lakar tana ƙara tsukewa tana ƙarfi. In kika goge da wuri za ta yi ƙyalli yau, bayan mako biyu ta dushe, sawun samfefa ya fito. Mu mata ai mun san wannan. Wadda ta kwance lalle tun bai kama ba ta san abin da ta kan gani, iyayenmu kuma da suka yi daɓe suka zuba makuba ba su barin kowa ya taka sai ya yi ƙarfi. Na san duk wannan tun ina yarinya, ban dai yi tsammanin katakon Turawa ma haka ya ke so ba.

Muka rataye ta a ɗakin ajiya, na ɗaura mata gidan sauro don ƙura da ƙwari, taga a buɗe. Hazo ya sauko a Nuwamba ya same ta a rufe. Abin dariya, yanzu maigida ne mai gaggawa. Kullum da safe sai ya leƙa ya ce, "Ai ta bushe." Ni kuwa in ce, "Sunsuna ka ji." Muddin hanci yana jin warin tina, da saura. Wata dabara kuma, a danna farce a wurin da ba a gani, in ya bar sawu a ƙara haƙuri. Sai da muka cika kwana 30.

Gugar ƙarshe da ruwa a ke yin ta. A jiƙa samfefa mai lamba 1000 cikin ruwa da ɗigon sabulu, a bi a hankali har duk fuskar ta dushe bai ɗaya, sa'an nan 1500, sa'an nan 2000. A nan sai da na kusa kuka, domin ƙyallin da muka sha wuya a kansa ya tafi gaba ɗaya, ta koma kamar an shafa mata gari. A kiyayi gefe da kusurwa, nan laka ta fi siriri, bi ɗaya na ganganci sai ja ya fito a jikin samfefa. A kuma toshe ramukan ƙusa da ɗan kakin zuma, domin in ruwa ya shiga katako zai kumbura ya tsaga lakar. Bayan wannan muka ɗauko man goge mota da tsohuwar farar singileti mai laushi, muka yi ta murzawa muna karɓa-karɓa, mu uku, tun daga azahar. Wajen la'asar na duba sai na ga fuskata a ciki, har da ɗankunnena.

Da muka mayar da komai, aka sa sababbin tsirkiyoyi, maigida ya aro lasifika ya haɗa. Sai wani gunji ya tashi kamar zuma ta shiga tulu. Ya duba nan, ya duba can, ya fara cewa fenti ya kashe ta. Yarinyar ta tafi ta ɗauko littafinta na lissafi, ta bi zanenta da yatsa, ta ce akwai wata baƙar waya da ya kamata ta tafi wajen ƙarfen da tsirkiya ke hawa, wanda masu garaya ke kira jaki, ga ta nan tana lilo. Ita ce ke kwashe wannan gunji. Mai gyaran rediyo na bakin titi ya liƙa ta da dalma cikin minti 5, jita ta yi shiru sai an taɓa ta. Uban ya dubi 'yarsa ya ce, "Kuɗin akuya bai faɗi banza ba." Na ce a dai riƙa tunawa akuyar wa ce.

Bayan 'yan kwanaki na shiga ɗaki na iske yarinyar ta ɗora jitar a cinya tana neman inda uban ke sa yatsu. Ta zabura. Ta ce ai a can wajen Abalak akwai wata mace, Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad, da ta koya wa kanta da jitar wanta, har ta je ƙasashen Turai tana kiɗa. Na ce na ji, amma ita wannan ba ta da jarrabawa a gabanta, ba ta kuwa da Inna a ɗaki na kusa. Na ce ta ajiye sai bayan jarrabawa mu yi magana. Ban ce a'a ba, ta kuwa lura ban ce ba.

Ita Innar ma sai da ta zo ta gani. Ta tsaya bakin ƙofa, ta ƙi shiga, ta daɗe tana duban jan nan. Can ta ce, "Kiɗan dai ban so. Amma wanga ja ya yi kyau. A yi ma akwatina irinai." Muka yi mata a Oktoban 2024, akwatin ƙarfe ne na aurenta, ya ci gwangwani 4.

Yaron nan mai saye ya dawo a Disamba. Ya juya ta gaba da baya kamar dā, ya tambayi wane kamfani ya yi aikin, ya taya ninkin abin da ya taya da farko. Ina bayan ƙofa ina jira in ji an ce an sallama, ina ma lissafin akuya mai ciki. Sai na ji maigida ya yi gyaran murya ya ce, "To, sai mun yi shawara da mutanen gida." Har yau bai zo shawarar ba. A watan Maris na 2024 aka buɗe iyaka ya koma hanya, jitar tana rataye a ɗaki cikin rigar da na ɗinka mata, wurin da hannunsa ke zama ma ya fara dushewa kaɗan. Duk sa'ad da na tuna masa ina binsa jar akuya, sai ya ce in bari ya dawo daga wannan tafiya.